Bashin Wutar da Na Ɓoye wa Ɗan Hayata

Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da fita takaba ba. Mace ce ni mai kaifin baki da son a ce na iya riƙe gida, ga 'ya'ya huɗu, ga gidan gado a Koki da ba abin da yake kawo mana sai hayar shagon da ke jikin zaure. Mitar gidan ɗaya ce, sunan marigayi maigidana ne a kanta. A shekarar jinyarsa ko sau ɗaya ba mu biya kuɗin wuta ba, takardun na zuwa ina cusa su ƙarƙashin katifa.

Sai limamin unguwarmu ya kawo min wani dattijon tela ɗan asalin Barno, mai yi wa riguna aiki da keke mai amfani da wuta. A lungunmu ba a rubuta takardar haya, shaidar liman ta isa. Daga zaure mutumin ya tambaye ni cikin ladabi, yana ce min Hajiya alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba, ko akwai bashi a kan mitar, don abincinsa kacokan a kan wuta yake. Wallahi na ji tambayar sarai. Amma na tuna kuɗin hayar shekara da ke aljihunsa, na ce masa babu ko sisi. Bai nemi ganin takarda ba, kunyata ya ji.

Kason wutar da yake ba ni duk wata a tukunya yake ƙarewa. Ana saura kwana goma sallah ma'aikatan wuta suka zo da tsani, suka yanke, suka naɗe wayar suka yi gaba, shagonsa kuwa maƙare da shaddodin mutane. Na leƙo ina ta masifa wai zalunci ne. Shi kuwa ya karanta takardar da suka miƙa masa, ya dube ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai. Da ma zagina ya yi! Ina jiyo masu kaya suna zuwa suna kwashe abinsu, wasu har da baƙar magana ga mutumin da a shekaru ya haife su.

Bayan sallah kwatsam aka maido mana da waya. Washegari liman ya yi sallama, ya miƙo min mukullin shago da rasit. Ya ce telan ya sayar da kekensa ya biya bashin duka, don ya ga sunan mamaci a kan takardar, kuma ba zai iya barin bawan Allah yana kwance da bashi a wuyansa ba. Innalillahi. Ni da na yi shekara ashirin a ɗakin marigayin nan, wannan tunanin bai taɓa zo min ba.

Yanzu yana wajen Jakara a zauren wani, yana ɗinkin hula da allura, ga ido ya yi rauni. Sau biyu ina aika masa abin da na tara, yana dawo da shi, wai ba ni ya yi wa ba.

Masu gidan haya, don Allah kafin ku miƙa mukulli ku fito da takardun wuta a gani, ku sauya sunan mamatanku daga kan mita. 'Yan haya kuma kar kunya ta hana ku cewa a nuna muku, ko da mai gidan sa'ar mahaifiyarku ce. Ni dai har yau in aka kawo wuta yara suka kaure da ihun murna, gabana ne yake faɗuwa.