Ƙwayar da Malam Ishiyaku Ya Ce a Ajiye

Shekara arba'in Malam Ishiyaku yana haƙa kabari a Tarai. In an yi rasuwa, karan dawar da aka auna gawa da shi ake kawo masa, ya duba tsawonsa ya kama aiki. A da, in bazara ta shigo da ƙyanda da sanƙarau, guntayen kara ne ke zuwa, wani ko kamu biyu bai kai ba. Nasa 'ya'yan ma biyar ya binne da hannunsa. Mahdi kaɗai ya tsira, ya girma ya zama direban motar haya tsakanin Kibiya da Kano.

Allurar rigakafi ta zo, guntayen kara suka ragu. Sai dogaye suka yawaita, magidanta 'yan shekara arba'in, wannan ciwon suga, wancan ƙoda, wani kuma ya yanke jiki ya faɗi a gona. Malam Ishiyaku bai taɓa yarda da waɗannan cututtuka ba. Ciwon da ya sani da zazzaɓi yake zuwa, ko ya kashe ka cikin mako ko ya sake ka.

Bara Mahdi ya yi ta fama da ciwon kai. A asibiti aka ce jininsa ya hau, aka ba shi ƙwaya ya riƙa sha kullum. Cikin wata biyu kan ya lafa. Wata safiya uban ya gan shi yana haɗiyar ƙwayar, ransa ya ɓaci.

"Kai da ka warke, me kake sha kuma? So kake ka jawo wa kanka ciwon da babu?"

"Baba, cewa suka yi har abada."

"Har abada sai Allah. Ajiye ta."

Mahdi ɗa ne mai biyayya, ya ajiye. Da kaka, yana ɗaure buhunan masara a tashar Kibiya, ya zube. Bai mutu ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Ni maƙwabcinsu, abin yana ba ni haushi har yau, amma na kasa zagin tsohon, don ƙauna ce ta sa shi.

Yanzu ya bar wa wasu haƙan kabari. Kowace safiya yakan daka ƙwayar ya zuba a koko, ya tallafo kan Mahdi ya ba shi da cokali. Rabin kokon yana zubowa ta gefen baki, sai ya kwaso da yatsa ya mayar masa.