Ranar da Na Roƙa wa Rami Arziki

Shekarun baya, lokacin da ɗana ya fara tafiya, ko wanka na shiga sai na bar kunnena a zaure. Gidanmu a Dala bakin titi yake, shi kuwa yaron da ya ga ƙofa a buɗe sai ya arce. Abu ɗaya ke kwantar min da hankali, wani ƙaton rami a ƙofar gida. Duk ɗan adaidaita, komai saurinsa, in ya zo nan sai ya yi ladabi.

Wata rana maigidana, wanda shi ma adaidaita yake ja, ya shigo baki har kunne. Wai injiniyoyin jiha na koya wa ma'aikatan ƙaramar hukuma auna lalacewar titi, kuma shi suka ɗauka shata. Waya ake ɗaurawa a jikin mashin tana jin girgiza, titin da ya fi jijjiga ta shi za a fara dubawa.

"Da gangan na faɗa raminmu, na juyo na sake faɗawa," in ji shi. "Har wayar ta yi ja!"

Ni kuwa nan take na gane raminmu za a cike.

Ranar da ma'aikatan suka dawo ganin ramin da ido, maigidan ya tafi shan mai. Na zura hijabi na fito. Wata Hajiya injiniya ce ke koya wa wani dattijo, yana dangwalar wayar kamar mai ɗanɗana miya.

"Hajiya, don Allah a bar mana ramin nan."

"A bar shi? Baiwar Allah, gadonku ne?"

Dattijon ya ce, "Na tsufa a aikin titi, yau na fara ganin lauyar rami."

Sai kawai na nuna musu yaron, wanda tuni ya kai tsakiyar titi ko wando babu. Hajiya da kanta ta sungumo shi. Ta ce wa dattijon, "Malam, wannan waya ba za ta ji yaron nan ba. Shi ya sa kuke fitowa da ƙafarku."

Bayan damina aka cike ramin, aka kuma yi tudun kwalta na rage gudu daidai ƙofarmu. Yaron yanzu har makaranta yake zuwa shi kaɗai, ni ce dai ban daina leƙe ba. Maigidan kuwa kullum ya hau tudun nan sai ya shigo yana faɗa: "Wai wane marar aikin yi ne ya kawo wannan shawarar?" Ni dai sai in ƙara masa miya.

Masu adaidaita, don Allah ku riƙa sassautawa a cikin unguwa. Wanda kuma ya san maigidana, ya rufa min asiri.