Wayar da Ke Kuka a Akwatin Malam Ya'u

Jama'a, a gyara zama, mai shayi ya ajiye kofi: ga Malam Ya'u, Sarkin Ƙofar wani kamfanin leda a Sharada, shekara goma sha tara yana gadi, ko sauro bai taɓa shiga ba sai da izininsa.

Dokar kamfanin ita ce ba a shiga da waya, kowa a akwatin Malam Ya'u yake barin tasa. To, cikin wayoyin nan akwai ta wata ma'aikaciya, Aina'u, kullum ƙarfe biyu sai ta ɗau kuka kamar ɗan akuya. Saura kaɗan ya jefa ta kwata. Sai Aina'u ta yi masa bayani: 'yarta Maimuna, 'yar shekara goma, tana da ciwon suga, manhaja ce a wayar take tuna mata lokacin gwaji.

Tun daga nan, in an tashi makaranta Maimuna takan biyo ɗakin gadi. Ta ɗan huda yatsa, ta gwada da 'yar na'urarta, ta shigar da lambar, waya ta ba ta tauraro. Malam Ya'u ko bihim bai sani ba a boko, amma ya gane kore lafiya ne, ja kuwa a tashi tsaye.

Wata Laraba waya ta yi kukanta, babu Maimuna. Biyu da kwata, shiru. Mutumin da bai taɓa barin ƙofa ba ya sa wayar a aljihu, ya ɗebi suga daga gwangwanin shayinsa, ya garƙame get ya bi hanyar makaranta.

Gindin wata darbejiya ya same ta zaune, gumi sharkaf.

"Baba Ya'u, ƙafata ta ƙi tafiya."

"Gwada mu gani, 'yar nan."

Lambar ta faɗi ƙasa, waya ta yi ja, ta ce a ba ta abu mai zaƙi. Ya ba ta. Suka jira, ta sake gwadawa: kore.

"Baba, tauraron yau fa?"

"Ga shi can, sarkin son banza."

Ko da suka dawo, tirela uku na ta hon, manaja kuma a kulle a ciki yana leƙe ta ƙasan get. Da ya ga yarinyar, sai ya fasa faɗan da ya tanada.

Jiya na je wurin Malam Ya'u na ce, "Baba, ai ka zama likita! Zan rubuta tarihinka duniya ta karanta."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Matsa, ka tare wa mota hanya."