Tsoho Geng Ya Koyi Sifiri

Geng Wanfu taliya yake sayarwa a birnin Chengdu har ya tsufa, amma gogensa mai tsirkiya biyu ya fi tukunyarsa suna. Babu wanda ya koya masa. In ya ji waƙa sau ɗaya a rediyo, kafin ruwa ya tafasa ta shiga yatsunsa.

Da ya ajiye sana'a sai ya shiga ƙungiyar tsofaffi masu kiɗa a lambun unguwa kowace safiya. Su takarda suke dubawa, inda aka rubuta kiɗa da lambobi, ɗaya zuwa bakwai. Geng kuwa bakinsa ba ya shiru.

"Yaya Su," yakan ce wa shugabarsu, "kiɗa kuke yi ko jarrabawar lissafi?"

Sai kunne ya fara cin amanarsa. Aka kawo sabuwar waƙa ta bikin sabuwar shekara, ya kasa kunne ya kasa, bai kama komai ba. Tsoro ya kama shi sosai, don in babu waƙar, babu kujerarsa ranar biki.

Washegari ya bayyana da tabarau da kwanon taliya mai zafi.

"Cin hanci ne wannan?" in ji Yaya Su, da ƙarfi don ya ji.

"Kuɗin makaranta ne. Ki koya mini lissafin nan naku."

Ta cinye tas kafin ta amsa. Lambobin ba su ba shi wuya ba, sai da suka zo kan sifiri.

"Wannan fa, wace tsirkiya ce?"

"Babu. Nan shiru ake yi."

"Shiru? A cikin kiɗa?"

"Tsoho Geng, tun da ka zo muke tsayawa kana wucewa kai kaɗai. Taliyarka ce ta hana mu magana!"

Ya yi dariya har da hawaye, har da tari.

Ranar biki lambu ya cika maƙil. Geng ya kafa ido a takarda, yatsu na bin lambobi, kiɗan kuwa sama-sama yake jin sa. Sifiri ya iso. Ya tsayar da hannu, ya ɗago kai, ya ga hannun kowa a tsaye tare da nasa. Daɗi ya kashe shi.

"Yaya Su! Na tsaya!" ya kwarma ihu a tsakiyar shirun, duk lambu ya ji.