Maccido Mai Hoto da Albasar Kwaɗi

Shekarar da aka yanke Jihar Kabi daga Sakkwato, babu ma'aikacin da bai nemi hoton fasfo ba, kuma a Jega Maccido mai hoto ne ke ɗauka. Mutum ne siriri, mara yawan magana, kullum kyamararsa na rataye a wuya.

Farkon daminar da ta biyo, ya hau babur zuwa Giwa Tazo don ya ɗauki malaman firamare hoto. A gefen wata fadama ya hangi furanni farare masu ratsin ja, sun cika fili, wurin da makon jiya ƙasa ce tsura. Ya tsaya, ya durƙusa cikin laka.

Wani dattijo makiyayi, Gado, ya dogara da sandarsa yana kallo.

"Malam, mi kaka ɗauka nan? Albasar kwaɗi ce, ko shanu ba su cin ta."

"Baba, ban taɓa ganin irinta ba. Kwana nawa take yi?"

"In ta daɗe, ukku."

Fim ɗin da ke cikin kyamarar baƙi da fari ne. Da ya wanke hoton, ratsin jan nan ya koma toka-toka, abin ya tsaya masa a rai. Ya aika Sakkwato aka sayo mai kala, amma kafin ya iso furannin sun yanƙwane.

Da shekara ta zagayo ya koma, ya tarar ruwa ya shanye fadamar. Manoman albasa da ke zama ƙofar shagonsa suka riƙa yi masa ba'a, wai ya bar albasar mutane ya bi ta kwaɗi. Ya nemi Gado a kasuwar shanu, ya roƙe shi ya sanar da shi da zarar ta tsiro.

A damina ta uku saƙon Gado ya zo ta bakin wani direba. Maccido ya rufe shago da hantsi, mutane na jira. Da ya isa fadamar ya tarar iska na ta kaɗa furannin, sai Gado ya buɗe babbar rigarsa ya tare ta, shi kuwa ya kwanta rub da ciki ya ɗauka.

Hoto biyu suka fito tsaf. Ɗaya ya kai wa Gado har ruga. Daga nan ya shiga bin fadamun Alelu da Kuberi duk damina, yana tambayar tsofaffi sunan kowane fure, yana rubutawa a bayan hotonsa.