Dattijon da Ya Zare Ƙusoshin Dillali

Kwana tara da rasuwar amininsa, tela yana tsaye a rumfar dillali, yana kallon jirgin ruwan yaƙin da marigayin ya shekara shida yana haɗawa da katako. Jirgin ya kai tsawon benci, da igwa saba'in da huɗu, amma dangi sun jibge shi nan cikin tsofaffin kujeru.

Sai ga wani dattijo da bai taɓa gani ba, siriri, tabaransa ɗaure da zare, gam ya bushe a yatsunsa. Yana durƙushe yana bin igiyoyin jirgin da ido, ko taɓawa ba ya yi. Da ya zagaya ta hagu, sai fuskarsa ta canja.

"Wane mara imanin ne ya buga falankin nan?"

"Rami na toshe, Baba," in ji dillali. "Mai shi bai gama ba."

"Kai ne dai ba ka gama hankali ba! Da gangan ake barin nan a buɗe don a ga haƙarƙarin jirgi. Ƙusar kwano a aikin da aka haɗa da tsinke!"

Ya zaro 'yar filaya daga aljihu yana cire ƙusoshin. Tela ya raya a ransa, wannan ma, kamar marigayin, yana da ɗakin irin wannan aikin da iyalinsa ke kira shirme.

"Ina mai shi?" in ji dattijon.

"Ya rasu, Baba," in ji tela. "Abokina ne."

Dattijon ya mayar da filayar aljihu, ya nuna masa ɗaya gefen jirgin.

"Allah ya jiƙansa. To kama can, ɗana, ta ƙasa, a hankali. Ba zai kwana a nan ba."