Anti Ɗigo da Surukarta ta Ƙetare

Waɗanda suka yi aiki a tsohon ɗakin gwaje-gwaje na bayan rumbunan ajiya ba sa hirar wancan zamani ba tare da sunan Anti Ɗigo ya faɗo ba. Bakinta ne ya jawo mata laƙabin. Duk wanda ya zo yana gaggawar karɓar sakamako, ɗan kasuwa ne ko manajan kamfani, ba ta ɗaga kai daga kwalbar da ke gabanta, sai dai ta ce, "Saura ɗigo ɗaya." Ɗigon nan kuwa yakan zaunar da mutum a kan benci har la'asar.

Tana budurwa ta shiga aikin, farar rigar da aka ba ta har tana jan ƙasa. Ɗakin dogo ne, da teburin siminti mai farin tayil, da fanka mai kuka kamar ana yi mata dole, da wata taga da ba ta rufuwa sai an cusa mata kwali. A kusurwa akwai sikeli cikin akwatin gilashi, wanda ko tari mutum ya yi kusa da shi sai allurarsa ta yi rawa. Nan ake kawo samfurin riɗi da citta da gyaɗa da zuma da za a fitar ƙasashen waje. Ita ke auna danshinsu, ta duba ko fumfuna ta bar guba a ciki, ta rubuta, ta sa hannu.

Abin da ke ci mata rai shi ne, a lokacin takardarta ba ta iya tsallaka ruwa. Kaya na isa tashar jiragen ruwa ta can, sai a ajiye takardar gefe, a ɗebi wani samfurin a sake gwadawa tun daga farko. Kwantena ta yi ta zama a rana, mai kaya ya yi ta sintiri a ƙofar ɗakin Anti kamar ita ta riƙe masa. Kuma kusan duk takardar da ke dawowa daga can, sa hannun mutum ɗaya ne a ƙasanta, wata ma'aikaciya mai rubutu siriri a karkace.

Mijin Anti tela ne, mutum mai barkwanci, shi ya raɗa wa matar suna. Wata rana Anti ta dawo gida tana ƙorafi, ya cire allura daga bakinsa ya ce, "Maman yara, ki yi girki ki ɗanɗana, wata kuma ta zo ta sa cokali ta ce bari ta ji gishiri? Ai wannan uwar miji ce. Allah ya ba ki suruka a ƙetare, sai haƙuri."

Sunan ya bi matar. Har masinjan ofis yakan leƙo da ambulan ya ce, "Anti, saƙo daga surukarki."

Zuma ce ta fara haɗa su magana. Anti ta gwada ta ce lafiya lau, can kuma aka ce ta lalace. Ran Anti ya ɓaci, ta shiga ofishin shugaban sashe inda wayar tarho take, ta sa aka nemo mata lambar. Muryar da ta amsa mai kauri ce, a hankali take magana, cikin harshen da dukansu biyu a makaranta suka koye shi.

"Ni na gwada zumar nan da hannuna," in ji Anti.

"Ni ma da hannuna na gwada ta," in ji matar. "Faɗa mini yadda kika yi, in faɗa miki yadda na yi."

Suka bi aikin daki-daki, ba wadda ta sami kuskuren 'yar'uwarta. Daga baya aka gano gangunan sun daɗe a zafin rana a kan hanya, zumar da ta bar hannun Anti ba ita ce ta isa can ba. Ba wanda ya ci, ba wanda ya faɗi. Amma daga ranar hanya ta buɗe. Duk sa'ad da alƙalumansu suka saɓa, ɗaya za ta kira ɗaya. Da farko maganar riɗi ce da danshi. Sannu a hankali ta zama, "Yaya jikin yaron, zazzaɓin ya sauka?" da "Mahaifiyar taki ta fito daga asibiti?" Shekaru suka tura a haka, ba wadda ta san kamannin ɗayar. Anti dai ta riga ta zana ta a ranta: doguwa, mai tabarau a kan karan hanci, ba ta dariya sai da dalili.

Furfura ta fara leƙowa a goshin Anti lokacin da shugaban sashe ya tara su ya ce akwai yarjejeniya tsakanin hukumomin da ke tantance ɗakunan gwaji na ƙasashe. Idan aka tantance ɗakinsu aka gamsu, takardarsu za ta samu karɓuwa a can ba tare da an maimaita gwaji ba. Sai dai kafin a kai ga nan, akwai jan aiki.

Jan aikin kuwa sun sha shi. Aka canja tagar nan, aka sauke fanka aka sa na'urar sanyaya ɗaki. Aka hana shan shayi a bakin teburi, abin da ya fi komai yi wa tsofaffin ma'aikata ciwo. Aka riƙa aiko musu da samfurori a rufe, waɗanda masu aikowar kaɗai suka san abin da ke ciki, don a ga ko za su faɗi daidai. Tsohon sikeli ma aka ce ya huta. Ranar da za a fitar da shi, Anti ta goge gilashinsa da gefen mayafinta, ta hana kowa ɗauka, ita ta kai shi sito da kanta.

Da masu tantancewa suka iso, akwai baƙi daga waje da suka zo sa ido a kan yadda ake aikin. Cikinsu akwai wata 'yar dattijuwa gajera, mai ɗan ɗingishi, da jakar da ta fi ƙarfinta. Anti ba ta kula ta ba, sai da matar ta tsaya gaban firji ta ce, "Wa ke duba ma'aunin sanyin nan ranar da ba aiki?"

Anti ta san muryar kafin ta juyo. Ta tsaya da kwalba a hannu tana kallonta.

"Ke ce?" ta ce.

"Ni ce. Na ɗauka kin fi haka jiki."

"Ni kuma na ɗauka kin fi haka tsawo."

Suka yi dariya har ma'aikata suka ɗago kai. Amma dariyar ba ta hana matar nuna wa masu tantancewa maganar firjin ba, aka kuwa rubuta ta cikin abubuwan da sai an gyara. Da Anti ta ba mijinta labari, ya buga cinya ya ce, "Ban faɗa miki ba? Suruka ko ta so ki, sai ta leƙa bayan tukunya."

Washegari da rana suka zauna a inuwar bishiyar da ke bayan ɗakin, kowace ta buɗe kwanon abincinta, suna miƙa wa juna. Matar ta ce, "Kin san idan wannan abu ya tabbata, ba zan sake taɓa samfurinki ba."

"Abin da nake roƙo ke nan tun ina yarinya," in ji Anti. Sai da ta faɗa sannan ta ji nauyin maganar, ta ci gaba da juya cokali ba ta kai baki ba.

Aka gyara firji, aka gyara sauran, takardar shaida ta zo aka rataye ta a bango. Kwantenar farko da ta wuce da sa hannun Anti kaɗai ta wani mai citta ce. Mutumin ya zo har bakin ƙofa, ya cire hula ya mayar, ya ce, "Anti, wai har sun sauke kayan." Ta yi murna ƙwarai, ranar har ta bar ƙananan ma'aikata suka tashi da wuri. Bencin masu jira ya koma wurin ajiye kwalaye. Wayar ƙetare kuma ta yi shiru, don babu sauran saɓanin da za a kira a kai.

Ba a daɗe ba Anti ta yi ritaya. Aka koma sabon gini mai hawa, tsohon ɗakin aka rushe shi aka yi wurin ajiye motoci. Yanzu takan zauna a shagon mijinta da hantsi tana sa masa zare a allura, tunda idonsa ya fara gajiya, tana yi masa faɗa idan ya yanka yadi bai sake aunawa ba.

Wata ranar Laraba wayarta ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Muryar nan ce mai kauri, ta ƙara tsufa. Ita ma ta bar aiki, ta ce a wurin shugaban sashe ta samo lambar. Suka gaisa, suka tambayi yara, sai magana ta tsaya musu, don ba su saba farawa ba sai da riɗi a tsakani.

Can matar ta ce, "Gwiwata ce ta dame ni. Ke me kike shafawa?"

Anti ta gyara zama, ta tura wa mijinta kwandon zare, ta ce masa ya rage ƙarar keken ɗinkin. Har aka kira azahar suna kan maganar gwiwa.